Sunan Malam a Sama

Ba son karatu ne ya mayar da Malam aji ba, gara a faɗi gaskiya tun da wuri. Shugaban makarantarsu ya kusa ritaya, shi kuwa Malam ya daɗe a kujerar mataimaki har katifar kujerar ta lotsa daidai zamansa. Kowa ya ɗauka shi ne magaji. Sai ga ma'aikatar ilimi ta fito da sabuwar ƙa'ida, wai daga yanzu ba wanda za a ba shugabancin sakandare sai mai digiri na biyu. To, furfura ta riga ta cika kai, ga yara a gida, ba halin a ajiye aiki a ɗauki jaka a tafi jami'a. Da wani abokin aikinsa ya ce masa ai yanzu akwai karatun da ake yi ta intanet, kana ɗakinka malami na ɗakinsa, sai Malam ya ga kamar dominsa aka ƙirƙiro abin. Ya nema, aka ɗauke shi a fannin tafiyar da makarantu.

Tarihi yake koyarwa, kuma ya iya. Mutum ne da zai shiga aji ba littafi ba takarda, ya yi ta zuba har a kaɗa ƙararrawa yara ba su so ya fita ba. Ba ya duka, ba ya zagi, kallo ɗaya ya ishe shi. Abu guda ne ba a taɓa ji daga bakinsa ba, a aji ko a ofis ko a gida: ban sani ba. In aka tambaye shi abin da ya shige masa duhu, sai ya gyara tabarau ya ce tambaya ce mai kyau, a je a bincika a kawo masa amsa gobe.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce a asibitin yara, mace mai ido, wadda ke gane uwar da ta ce ta ba yaro magani alhali kwalbar na nan cike. Ita ta fi shi ɗokin karatun. Ta kwashe tarkacen ɗan ɗakin da ke jikin kicin, buhuna da tsofaffin tukwane da karyayyen keken yara, ta sa tebur da kujera da fanka, ta kafa doka: ranar Asabar da yamma, lokacin da yake aji, duk yaron da ya yi tari a tsakar gida sai ya gaya mata dalili. Kafin mako ya zagayo, maƙwabta da 'yan asibiti duk sun ji Malam ya koma jami'a.

Ranar farko da aka shiga aji, fuskoki suka cika allon kwamfutar, kowa a ɗan akwatinsa. Wani na cikin mota, wata na jijjiga jariri, wani ya ƙi buɗe kyamara sai hoton fure ya sa a madadin fuskarsa. Malamin da ke ɗaukar su, wanda kowa ke ce wa Dakta, yaro ne ɗanye sharaf, da ƙyar in ya girmi ɗan Malam na fari. Ya ce kowa ya gabatar da kansa. Da layi ya zo kan Malam, bai rufe baki ba wata mata ta buɗe makirufonta.

"Malam, ashe kai ne? Ni ce fa, 'Yar Gaba."

Ya matso da fuska kusa da allo. Ita ce kuwa. Yarinyar nan da ke zama a bencin farko, hannunta kullum a sama, har shi da kansa ya laƙaba mata sunan. Ta girma, tana aiki a sashen tsare-tsare na wata ƙungiyar tallafa wa makarantu. Ba ta tsaya nan ba. Ta gaya wa aji kaf cewa wannan bawan Allah shi ya koya mata yadda ake jera magana a takarda, shi ya taɓa karanta rubutunta a gaban makaranta duka, kuma duk abin da ta zama a yau akwai hannunsa a ciki. 'Yan aji suka yi ta turo alamar tafi. Dakta ma ya ɗan rusunar da kai ya ce an yi musu alfarma da samun uba a aji, daga nan kuma Baba ya riƙa ce masa. Malam ya ji daɗi, ba wani ɓoye-ɓoye. Ya fito kansa a kumbure, ya ba matarsa labarin ya kuma maimaita mata wajen cin abinci.

Zangon farko bai ba shi wahala ba. Karatu ne da sharhi, wannan kuwa gonarsa ce. In ya rubuta abu a dandalin aji, sai ka ga amsoshi sun biyo baya: Malam ya gama magana, mu dai muna koyo. Ba mai ja da shi, ko da ya faɗi abin da ya kamata a ja.

A zango na biyu aka kawo kwas ɗin hanyoyin bincike da ƙididdiga, kuma Dakta ne ya sake ɗaukar su. Nan fa ido ya raina fata. Rabon Malam da lissafi tun yana saurayi, kuma ko a lokacin ba a rabu da daɗi ba. Yanzu ga lissafi ga manhaja, wadda ake zuba wa lambobi ta fito da jadawali. Dakta zai nuna wa kowa allonsa, 'yar kibiyar nan ta yi ta tsalle daga kusurwa zuwa kusurwa kamar ƙadangare a bango, yana cewa a danna nan, sai a zaɓi wannan, shi ke nan an gama. Malam na biye da biro yana rubuta: danna nan. In an tashi ya duba littafinsa, sai ya rasa ina ne nan ɗin. Ga sabis ɗin intanet na unguwarsu da rashin mutunci, ba ya yankewa lokacin gaisuwa, sai an zo daidai gaɓar da ake bukata, Dakta ya daskare baki buɗe, in ya dawo yana cewa to tunda kowa ya gane mu ci gaba. Ana ajiye bidiyon darasin, Malam ya kalla ya sake kallo, amma bidiyo ba ya ɗago kai ya ga fuskarka ya san ka ɓata.

A makarantar bulo da siminti ai da sauƙi. Ka bi malami baranda bayan an tashi, ka rage murya ka ce ranka ya daɗe ban kama wurin nan ba. Ko ka karkata ka leƙa littafin na kusa da kai. Nan ba baranda, ba na kusa. Dakta ya faɗa tun farko cewa ba ya amsa saƙon sirri, ɗalibai sun yi masa yawa. Duk mai tambaya ya rubuta ta a dandali don amsa ɗaya ta wadatar da kowa. Sai dai duk tambayar da aka rubuta tana fitowa ne da sunan mai ita da hotonsa, ta zauna nan har ƙarshen zango, kowa ya wuce ya gani. Yara suna ta tambayoyinsu ba kunya, har da na shirme. Malam ya sha rubuta tasa, ya yi mata ado don ta yi kama da tambayar wanda ya sani yana neman ƙarin haske, sai ya tuna 'Yar Gaba za ta karanta, ya goge. Kunya yake ji, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe alli.

Ana haka aka ba da aikin rukuni, wanda shi ne rabin makin kwas ɗin. Aka haɗa Malam da 'Yar Gaba, da wani mai makarantar kuɗi da kullum daga mota yake shiga aji har ake ce masa Mai Mota, sai mutumin nan mai hoton fure. Ba a yi zaɓe ba, 'Yar Gaba ta ce ai shugaba a bayyane yake. Aka amince za a bincika ko makara da fashin ɗalibai na da alaƙa da faɗuwa jarrabawa, Malam ya kawo alƙaluman makarantarsu tunda suna hannunsa. Aikin kashi huɗu ne: gabatarwa, bitar rubuce-rubucen masana, sarrafa lambobi, da kammalawa.

Nan Malam ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da ake rabon aiki a ɗakin malamai, abin da babba ke yi. Ya ce yara su fara zaɓa, abin da ya rage shi zai ɗauka. A makaranta in ya faɗi haka, ƙananan malamai sukan yi rige-rigen ɗaukar mai nauyi su bar masa mai sauƙi, kowa ya fita da mutuncinsa. Ya manta waɗannan ba ƙananan malamansa ba ne. Mai Mota ya cafke gabatarwa kafin a ƙifta ido. Mai hoton fure ya rubuto cewa kammalawa tasa ce. Malam ya zuba wa akwatin 'Yar Gaba ido, don ya san lambobi aikinta ne na kullum a ofis. Ita kuwa, baiwar Allah, a ganinta sarrafa lambobin shi ne zuciyar aikin, wurin da maki yake, kuma rashin kunya ne ɗaliba ta ɗauki tsoka ta bar wa malaminta ƙashi. Ta ce za ta yi bitar masana, babban aiki a bar wa babba.

"Ba damuwa," in ji Malam. Har murmushi ya yi.

Makonni suka yi ta wucewa. Da wani ne ya riƙe kason, da tuni Mai Mota ya ɗaga masa hankali da saƙonni. Amma wa zai ce wa Malam ina aiki? Sai dai a yi ta zagaye. Mai Mota ya rubuto yana tambayar lafiyar iyali da ta makaranta, Malam ya amsa cewa ana nan ana fama, kowa ya san abin da aka tambaya da abin da aka amsa. Kowa ya turo nasa, wurin Malam na nan fari fat a tsakiya.

A makaranta kuwa aiki ya taso, jarrabawa ta matso, masu duba makarantu sun ce suna tafe. A da Malam kan yi tsaki in abubuwa suka cakuɗe haka. Wannan karon hannu biyu ya karɓe su. Ya ɗauki ajin da ba nasa ba, ya zauna kan jadawalin jarrabawa da ƙaramin malami zai iya yi, ya riƙa dawowa gida a gajiye, gajiya ta gaskiya wadda zai iya nuna wa kowa. In ya shiga ɗan ɗakin ya zuba lambobin a manhaja ya danna wani wuri, sai ta fito masa da jan rubutu. Ya rufe ya sake buɗewa, ko za ta huce.

Wata Lahadi da hantsi matarsa ta shigo da shayi ta tarar da shi a shafin da ta bar shi jiya. Ta ajiye kofi ta tsaya a kansa. Ta ce ba ɗalibarsa ce a rukunin ba? Ya kira ta mana ta nuna masa, abu ne na yini guda. Ita ma da aka kawo sabuwar na'ura asibiti, wata yarinya sa'ar 'yarta ce ta koya mata, kuma ba ta ragu da komai ba. Malam ya cire tabarau ya yi mata kallon nan da ke sa aji ya yi tsit. Ya ce wa ya gaya mata bai iya ba? Nazari yake yi. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ja masa ƙofa. Bai sha shayin ba, haushinta yake ji don ta faɗi daidai.

Ana saura kwana kaɗan a rufe karɓar aiki 'Yar Gaba ta kira. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi lafiyar Mama, matarsa, da yara, sannan ta ce in ba zai damu ba ya turo mata abin da ke hannunsa ko bai kammala ba, shafuka kawai take son daidaitawa. Ƙarya take yi, shi ma ya san ƙarya take yi, kuma ya ji sanyi a ransa kamar an sauke masa kaya. Ya tura mata lambobin ɗanyu, yadda ya kwaso su daga ofis, ya ƙara da cewa akwai 'yan wuraren da bai gama dubawa ba.

Washegari aikin ya dawo cikakke. Jadawali a jere, zane-zane masu launi, bayani a ƙarƙashin kowanne, har ta kwaikwayi dogayen jimlolin nan nasa. A shafin farko sunansa ne a sama. A shafin ƙarshe, inda jami'a ke so a faɗi wanda ya yi me, an rubuta cewa sarrafa lambobi aikin Malam ne. Kafin aiki ya shiga, sai kowane ɗan rukuni ya danna cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Yana ofishinsa da rana tsaka, ƙofa a rufe, ɗalibai na hayaniyar hutu a waje. Mutumin da ya sha yage takardar ɗalibi don ya leƙa ta wani, ya daɗe yana kallon ɗan akwatin da ake dannawa. Sannan ya danna.

Da aikin matsakaicin kyau ya yi, da an wuce wurin. To ita ba ta iya yin abu rabi ba. Asabar ɗin da aka dawo da sakamako, Dakta ya buɗe aji da cewa rukuni ɗaya ya burge shi, musamman sashen lambobi, kuma tunda a nan rabin aji suka yi tuntuɓe, yana roƙon Baba ya nuna wa 'yan'uwansa yadda ya yi. Alamar tafi ta yi ta shigowa. Akwatin Malam ya girma ya cike allon kowa.

Ya buɗe makirufo. Ya gode wa Dakta, ya gode wa rukuni, ya yi magana kan muhimmancin bincike a harkar ilimi, da yadda makara ke ɓata tarbiyyar yaro. Magana ai ba ta taɓa gagararsa ba, ya yi ta jan ta yana fatan lokaci ya ƙare. Dakta ya bar shi har ya numfasa, sannan cikin ladabi ya ce madalla, tambaya ɗaya ce kawai: cikin hanyoyin gwaji biyu da aka koya, me ya sa ya zaɓi wannan ya bar waccan?

Malam bai ma san akwai biyu ba.

Ya gyara tabarau. Yana ganin fuskarsa a allo, dattijo mai furfura, gumi na tsattsafowa a goshi duk da fanka. Can aka ji jaririn wata na kuka. 'Yar Gaba ta fara cewa abin da Malam yake nufi shi ne, Dakta ya dakatar da ita ya ce a bar mai aiki ya yi bayanin aikinsa. Malam ya zura hannu gefen kwamfutar, inda kyamara ba ta kaiwa, ya lalubo wayarsa da ke ba shi intanet, ya kashe data. Fuskoki suka daskare, sannan suka ɓace. Ya zauna a ɗakin har lokacin tashi ya yi, don kada yara su ga ya fito da wuri.

Abin da ya faru bayan fitarsa daga bakin Mai Mota ya ji, a wani dogon saƙon murya mai cike da hon ɗin motoci da tsaki. Ya saurara a ɗan ɗakin, ya manta kicin na jikin bango, matarsa kuma na ciki. Dakta bai yarda da zancen sabis ba. Ya duba fayil ɗin ya ga a kwamfutar wa aka yi shi. Ya tambayi 'Yar Gaba a gaban aji, ba ta yi musu ba. Ta ce ita ta yi, kuma Malam bai sa ta ba, yana cikin aikinsa ta yi azarɓaɓi ta karɓe. Maganar ta tafi gaban kwamitin ladabtarwa. Mai Mota ya ƙare da cewa shi dai bai ce komai ba, Malam uba ne, amma a duba lamarin yarinyar nan.

Dakta ma, wanda ba ya saƙon sirri, ya rubuto masa. Ya ce kwamiti na kallon abin a matsayin yaudara da gangan, hukuncinta kuwa soke kwas. Amma in Baba ya bayyana wa kwamitin a rubuce cewa darasin ne ya gagare shi, ita kuma taimako ta yi da ya wuce iyaka, ana iya sassauta mata zuwa gargaɗi, shi kuma a haɗa shi da mai koya masa ya sake kason. Layi biyu sun isa. An ba shi zuwa ƙarshen mako.

Layi biyu fa, ga mutumin da ke cika shafuka bai ɗaga biro ba. Duk yadda ya juya jimlar sai ta dawo wuri guda: ban iya ba, kuma na danna cewa na iya. Ya tuna maganar za ta shiga fayil, fayil kuma yana da ƙafa, wata rana zai isa ma'aikatar da ke zaɓen shugabannin makarantu. Ya gaya wa kansa ai yarinya ce, shekara ɗaya ba komai ba ce a wurinta. Tun yana faɗa ya san ba gaskiya ba ne. Ƙarshen mako ya zo ya wuce.

Ranar Litinin ya shiga shafin jami'a ya nemo wurin janyewa daga karatu. Bai taɓa zaton barin jami'a na da sauƙi haka ba. Ba ofishin da za ka shiga, ba magatakardan da zai dube ka ya ce haba Malam, ba kujerar da za a gani babu kowa a tambaya ina mai ita. An jera dalilai a zaɓi ɗaya: yawan aiki, hidimar iyali, matsalar intanet, tsadar karatu, rashin lafiya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, nasa ba ya ciki. Ya zaɓi rashin lafiya. Kafin ya ɗauke yatsa amsa ta shigo, na'ura na yi masa godiya da fatan alheri.

A makaranta ya ce idanu ne, hasken kwamfuta ya fara taɓa su. Aka yi ta yi masa sannu. A gida ma haka ya faɗa. Matarsa ta goge hannu, ta zo ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, ta ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa, ta duba wannan ta duba wancan, yadda take yi wa yaran asibiti. Ta sake shi ta koma kan wanke-wankenta. Da faɗa ta yi da ya fi masa sauƙi.

An soke wa 'Yar Gaba kwas ɗin. Sai baɗi za ta sake shi, abokan karatunta za su gama su bar ta, muƙamin da ofishinsu ke jiran takardarta a kansa kuma an ba wani. Wannan ma Mai Mota ne ya faɗa, a saƙon da ya zama na ƙarshe tsakaninsu.

Wata rana da yamma Malam na falo da jarida aka yi sallama. Sai ga matarsa ta shigo, 'Yar Gaba na biye da ita da leda a hannu. Rabon da ya gan ta ido da ido tun tana cikin kayan makaranta. A allo ba a ganin ramar mutum. Fuskarta ta faɗa, idanunta sun zurma. Aka nuna mata kujera ta ƙi, ta zauna a kafet kusa da ƙofa. Ta ce labarin idon ta ji ta zo dubiya. Ta fito da lemo da wani tabarau mai rage hasken kwamfuta, ta ce an ce yana taimakawa, ko da Malam zai koma.

Ya yi godiya. Ya tambayi aiki, ya tambayi maigidanta da yara, ta ce duk lafiya. Bai tambayi karatu ba, ita ma ba ta kawo ba. Matarsa ta shigo da ruwa a tire, ba ta fita ba, ta tsaya jikin labule. Sai baƙuwar ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Malam, gaskiya ba dubiya kaɗai ta kawo ni ba. Na zo ne in ba ka haƙuri. Ni na taɓa aikin da ba nawa ba, na jawo aka tsayar da kai a gaban yara. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ka yafe mini."

Ta san bai iya ba. Ta sani tun ranar da ta buɗe lambobin ta gan su ɗanyu. Shi ma ya san ta sani. Amma ga ta a ƙasa, ta ɗauko laifinsa ta ɗora a kanta ta kawo masa har gida, don kada malaminta ya rasa wurin tsayawa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, falon ya yi masa ƙunci. Maganar na nan a bakinsa, a shirye, gajeriya: tashi 'yata, ni ne mai laifi, ban iya ba na ƙi faɗa, da aka ce in cece ki kuma na yi shiru. Ya ɗago ya haɗa ido da matarsa. Ba harara a idonta, roƙo ne. Ya buɗe baki.

"Ba komai, 'yata," ya ji kansa yana faɗa, da muryar nan ta ofis. "Kuskure ne, kowa na yi. Na yafe miki."

Ta ce ta gode, Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiya. Ta share ido da bayan hannu ta miƙe, ko ruwan ba ta sha ba. Matarsa ta ajiye tiren a hankali ta ce bari ta taka mata.

Malam ya zauna da jarida a cinya. Taga a buɗe take, ƙofar gida kuma ba nisa. Ya ji takunsu ya tsaya. Sai ya ji muryar matarsa ƙasa-ƙasa tana ba 'Yar Gaba haƙuri, tana maimaitawa, irin yadda take ba maƙwabta haƙuri in ɗaya daga cikin yaran gidan ya yi ɓarna.